Kafin Watan Akuya Ya Kama

Alƙaliyar ta karanta takardar sau biyu, ta cire tabarau, ta ce ba za ta sa mata hannu ba.

Da farko Shuvai ba ta gane ba. Ita dai an ce mata aikin minti goma ne: a kira sunanta, a tambaye ta ko hannunta ne a ƙasan takardar, ta ce nata ne, a buga hatimi, ta fito ba matar Gwinyai ba. Har ta tsara daga kotu za ta zarce kasuwar Sakubva, don ta bar dilar gwanjo guda ba a fasa ba.

Lauyan Gwinyai ya miƙe, wani siriri mai son jin muryar kansa. Ya ce mutum biyu ne, baligai masu hankali, suka zauna suka raba kayansu, suka sa hannu gaban shaidu, babu wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya. Ya ce in mace ta ga dama ta yi kyauta da rabonta, ba aikin kotu ba ne ta hana ta.

Alƙaliyar ta bar shi sai da ya gama. Sannan ta karanto abin da ke ciki a hankali, yadda na bencin baya ma zai ji. Gida mai ɗaki bakwai a Dangamvura, na miji. Motar ɗaukar kaya, ta miji. Filin Zimunya, na miji. Matar kuwa, bayan shekara goma sha huɗu da 'ya guda, tukwane da gado da keken ɗinki.

"Sun sa hannu, na gani," in ji ta. "Amma yau nawa hannun kuka zo nema. Ni kuma ban saba sa shi a kan abin da ban gane kansa ba."

Ta tambayi Shuvai ko tana da lauya, ta ce a'a. Ta tambaye ta wa ya yi mata bayanin takardar, ta ce lauyan mijinta da yayanta. Alƙaliyar ta ba su mako ɗaya. Ta ce Shuvai ta je ta ga lauyoyin da ke taimakon mata kyauta, ta dawo Talata mai zuwa ta faɗa da bakinta ko da son ranta ta bar duk wannan. In ta gamsar da kotu, shi ke nan. In ba haka ba, za a ajiye takardar a zauna shari'ar rabo daga tushe. Lauyan ya yi maza ya tunatar cewa in takardar ta faɗi, yardar da Gwinyai ya bayar ta a rabu cikin lumana ita ma ta faɗi. Alƙaliyar ta ce ta sani.

Da wata macen ce, da ta fito tana godiya. Shuvai ta fito tana tafasa, kuma da alƙaliyar take fushi. Wa ya aike ta? Wa ya ce mata ana neman tausayinta?

Abin da alƙaliyar ba ta sa a lissafi ba shi ne ranar sha huɗu ga Oktoba ce. Mu nan Mutare ba a aure a Nuwamba, watan da muke ce wa watan Akuya. Ba a kai shanun aure, ba a ɗaura, ba a ko zaman maganar. Har 'yan cocin da ke cika baki sun bar al'adar kakanni, ka duba ranakun bikinsu za ka ga duk sun tsallake shi, kowa da uzurinsa. Asabar ta ƙarshe kafin ya kama ita ce ashirin da biyar ga wata, kuma ita aka sa dangin Batsirai za su zo neman auren Shuvai.

Batsirai kafinta ne, yana da shagon katako a bayan tashar jirgin ƙasa. Shekara biyu ke nan yana bin ta, tun bayan da ta baro gidan Gwinyai da kumburarren ido da jaka ɗaya. Uwarsa ta rantse ɗanta tilo ba zai auri macen da ta girme shi ba, mai 'ya, wadda ko igiyar wani ba ta gama kwancewa ba. Sai da aka shekara ana ja, ya rame ya daina cin abincin gidan, sannan ta buɗe masa ƙofa guda, ita ma 'yar ƙarama. Ta ce a kawo mata takardar saki daga kotu, a kai shanu kafin watan Akuya. In watan ya kama ba a yi ba, to Allah ne bai nufa ba, ya auri Netsai, wata malamar asibiti da ke rera waƙa a cocinsu. Batsirai ya amince gaban kawunansa, don a lokacin kowa gani yake takardar ta riga ta zo hannu.

*

Shuvai ba ta je kasuwar ba. Yayanta Tongesai ya tasa ta gaba har gidan Gwaggo Esnath, ƙanwar marigayi babansu, inda take raɓe a ɗakin baya. Ko zama bai yi ba ya fara.

Ya ce ita ta ja, da ta tsaya tana zare ido kamar an kama ta da sata, maimakon ta buɗe baki ta ce ta yarda tun ba a tambaye ta ba. Ya ce ranar Talata in ta kuskura ta yi wata inda-inda, to ta nemi wani yayan.

Ta san abin da ke cin sa, kowa ma ya sani. Shanu takwas Gwinyai ya biya na aurenta, kuma kamar yadda muke yi, da shanun 'yar'uwa ɗan'uwa ke aure. Su ne Tongesai ya kora gidan surukai ya auro uwar 'ya'yansa uku. Gwinyai kuwa bai ɓoye ba: tunda ita ta fita da ƙafarta, in ta taɓa gidan a dawo masa da shanunsa, in ta bar masa ya yafe. Tongesai ko ɗan akuya ba ya da shi a turke. Shi ya sa ranar sa hannu shi ya riƙe mata takardar, har da nuna mata layin da yatsa.

"Yaya, gidan nan fa ni na gina shi, kana gani," ta ce. "Shekara tara ina tsallaka iyakar Mozambik da dila. Babu bulon da ba gwanjona ne ya saye shi ba."

"To sai me? Ke kika ce kin gaji, ke kika ce kafintanki kike so. An buɗe miki ƙofa kin tsaya ƙirga bulo."

"Kowa ya iya kyauta da gidana."

Gwaggo Esnath tana tsinke ganyen kabewa a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce ita ma da tukunya ɗaya da bargo ta baro gidan nata mijin, ga ta nan ba ta mutu ba.

"Chihera," ta kira ta, da kirarin matan danginsu, waɗanda duk gari ya shaida ba sa ɗaukar raini. "Ba ko'ina ake nuna halin gida ba. Kin manta abin da mijinki ya faɗa a ɗakin nan?"

Ba ta manta ba. A wannan ɗakin, gaban manyan ɓangarorin biyu, Gwinyai ya tsuguna ya tafa hannu irin na girmamawa, ya ce gidan na Ropa ne, 'yarsu mai shekara goma sha biyu da ke makarantar kwana. Ya ce shi riƙo kawai zai yi har ta girma. Manya suka amsa da tafi. A wurinmu maganar da aka tafa wa ta zauna ke nan, ba a sake tambayar ta. A kan wannan Shuvai ta ɗauki biro, don a ganinta abin da ya tafi hannun 'yarta bai ɓata ba.

Ta haɗiye fushinta, ta ce musu su kwantar da hankali, ranar Talata za ta ce ta yarda.

Ranar Alhamis ta je ofishin lauyoyin, don kawai a ce ta je. Wata ƙatuwar mata ce ta karɓe ta, tana cin gyaɗa daga aljihun tebur. Ta karanta takardar, ta ce wa Shuvai kada ta ɗauka sa hannu wasa ne, kotu ba ta warware abin da manya suka ƙulla don kawai ɗaya ya kwana ya yi nadama. Amma muddin ba a buga hatimi ba, alƙali yana da ikon tambaya, ballantana akwai yarinya a tsakani, kuma ɗaya ya zo da lauya ɗaya ya zo da hannu biyu. In kuwa aka buga, ƙofar ta kusa rufuwa ke nan.

Shuvai ta ce ai babu damuwa, gidan na Ropa ne, an faɗa gaban manya. Matar ta juya takardar gaba da baya, ta tura mata, ta ce ta nuna mata inda aka rubuta. Shuvai ta fito tana tsaki. Matan nan masu boko, gani suke maganar dattawa iska ce.

*

Ranar Juma'a da hantsi ta je Dangamvura ɗauko keken ɗinkinta.

Tun daga bakin ƙofa ta ga mutum biyu suna jan ma'auni a jikin katanga. Wani mai ƙaton ciki yana tsaye a tsakar gida, yana tambaya ko za a iya sare bishiyar fiya a yi wurin ajiye motocin baƙi. Gwinyai yana jingine da motar ɗaukar kaya, yana sakace haƙori.

Ta gaishe shi, don ba a haife ta da rashin kunya ba. Sannan ta ce, "Baban Ropa, me ake aunawa?"

Mai cikin ne ya amsa mata, a zatonsa maƙwabciya ce. Ya ce masaukin baƙi zai mayar da gidan, an gama ciniki, hatimin kotu kawai ake jira ranar Talata.

Sai da ta dafa katanga. Ita ta zaɓi fentin katangar nan, ita ta yi faɗa da magini a kan tsayinta.

"Ka ce na Ropa ne," ta ce wa Gwinyai. "Ka tsuguna a ɗakin Gwaggo ka tafa."

"Na tafa," ya ce, yana murmushi. "Tafi ai ko sauro mutum ya gani yana yi. Ke da kika iya karatu, duba takarda ki ga ko akwai Ropa a ciki."

"Ba ka ji kunyar manya ba?"

"Waɗanne manyan? Je ki tambayi yayanki, Maman Ropa. Shi ya kawo min mai sayen, har an yanka masa la'ada."

Da a ce akwai taɓarya kusa, da labarin nan ya ƙare a ofishin 'yan sanda. Ta tsaya tana kallon mutumin da ta shekara goma sha huɗu tana tuƙa wa sadza, tuwonmu na masara, wanda bai taɓa ɗaga mata dila ko daga mota zuwa ƙasa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta juya ta fita, ta bar keken ɗinkin inda yake.

Tongesai bai musa ba. A tashar ƙananan bas ta same shi, inda yake tuƙi, ya ja ta gefe don kada abokansa su ji. Ya ce me yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta yi da ɗaki bakwai, shi yana da baki biyar a gida. Ya ce gidan ai ya riga ya fita hannunta, ko ya ci la'ada ko bai ci ba. Ta ce masa babansu ya yi sa'a da ya mutu bai ga wannan rana ba. Ita ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu.

Gwaggo Esnath kuwa tana kan girki labarin ya same ta. Ta ce, "A ɗakina ya tafa." Ba ta ce wa Shuvai ta yarda ko kada ta yarda ba. Washegari ta ci gaba da wanke kwanukan da za a ba baƙin Asabar abinci a ciki.

*

Ranar Lahadi bayan an taso coci Shuvai ta sami Batsirai a shago, shi kaɗai, yana goge wani gado da ya ce nasu ne. Da ya gan ta fuskarsa ta washe, sai kuma ta koma, don ya san fuskarta.

Ta ba shi labari daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ya zagi Gwinyai, ya zagi Tongesai ya kuma nemi afuwa. Sannan ya kama hannunta ya faɗi abin da take tsoron ya faɗa.

"Chihera, ki bar masa. Katako sana'ata ce. Zan yi miki rufi da hannuna, wanda babu mai fitar da ke daga ƙarƙashinsa."

"Ba kaina nake yi wa kuka ba. Ni na kwana a tasha, na kwana a bakin iyaka, ko a ina zan rayu. Ropa fa?"

"Ropa 'yata ce."

"A bakinka. Mamanka ko sunanta ba ta taɓa kira ba, yarinyar nan take cewa. In ka faɗi ka mutu gobe, Allah ya kiyaye, wane ɗaki ne nata a gidanku?"

Ta ce to ya je ya roƙi uwarsa da kawunansa, ai bayan watan Akuya akwai Disamba, duniya ba ta ƙarewa a Nuwamba. Ya ce ya je tun ranar Laraba, da ya ji abin da aka yi a kotu, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi tsami. Uwarsa ta ce ba ita ta sa ranar ba, shi ya karɓa da bakinsa. Kwana uku ke nan Netsai tana zuwa taya ta girki, babu kuma wanda ya ce masa komai a kai.

"To ka ce musu ka fasa alkawarin."

"Gaban kawunaina na yi shi, Shuvai. A madadin babana suka zauna."

"Kai ma ka tafa?"

"Na tafa."

Dariya ta yi, marar daɗi, hawaye na zubo mata. "Gwinyai ya tafa ya karya, ni zan biya. Kai ka tafa ka riƙe, ni zan biya. Ni dai duk namijin da ya haɗa tafin hannunsa a garin nan, a kaina yake ƙarewa."

"In na karya tawa, da me na fi shi?"

Wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai. Don abin da ya sa ta so shi ke nan. Mutum ne da in ya ce ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗun ne. In ya ce wa tsohuwa zai gyara mata ƙofa kyauta, ko ana ruwa zai je. Bayan shekarun da ta yi da maƙaryaci, wannan halin ya ja ta kamar ruwan sanyi. Yau ga shi halin nan ya tare mata hanya, ba ta da bakin zagin sa.

Ya durƙusa a cikin dusar katako, namiji guda, yana kuka ba ya ko ɓoyewa. Ya ce kalma biyu ce kawai, ta ce na yarda, su fito. Ya ce shekara biyu ya yi yana jiran Asabar ɗin nan, shanun ma suna nan a gonar kawunsa an ware su. Ya ce zai yi aiki dare da rana har ya saya wa Ropa fili da sunanta.

"Za a ba ni Littafi in riƙe, Batsirai. Za a ce in rantse da son raina na bari. Kana so in ɗaga hannu in yi ƙarya a kan 'yata?"

"Ina so ki zama matata."

"Ni ma ina so," ta ce. "Allah ya sani ina so, har ina jin haushin kaina."

Ta zare hannunta. Ya ce mata ranar Talata zai zo kotun, kuma uwarsa za ta biyo shi, don ta ce sai ta ga takardar sakin da idonta.

*

Ranar Talata kotun ta fi ta wancan makon cika. Gwinyai ya sa sabuwar kwat. Tongesai ya zauna a bayansa, ba a bayan ƙanwarsa ba. Gwaggo Esnath tana benci na biyu da jakarta a cinya. Can a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, Batsirai ne da uwarsa, ita ta sha farin ɗankwali na 'yan ƙungiyar matan coci, bakinta a tsuke.

Aka ba Shuvai Littafi ta rantse. Alƙaliyar ta tambaye ta ko ta ga lauya, ta ce ta gani. Ta tambaye ta ko yanzu ta fahimci abin da takardar ta ƙunsa, ta ce ta fahimta.

"To ki gaya wa kotu. Da son ranki kika bar wa mijinki waɗannan abubuwa, kuma har yanzu kina kan haka?"

Kalmomin nan biyu suna kan harshenta. Tun safe take maimaita su a mota, ta ji ba su da nauyi, ko yaro zai iya faɗa. In ta faɗa, kafin azahar ta zama 'yantacciya. Asabar a kawo shanu, mata su yi guɗa, ta kwana a gadon da aka goge dominta. Sai kuma hutun Disamba ya zo, Ropa ta sauko daga bas da akwatinta, ta nufi Dangamvura ta tarar da allon masaukin baƙi a ƙofar ɗakinta.

"Ranki ya daɗe, hannuna ne," ta ce. "Babu wanda ya riƙe min biro. Amma ba mijina na bar wa gidan ba. 'Yata na bar wa. Ya faɗa gaban manya cewa nata ne, shi ya sa na sa hannu. Ranar Juma'a na tarar ana auna shi za a sayar."

Lauyan ya zabura ya ce babu wannan magana a takarda, kotu da rubutu take aiki, ba da hirar tsakar gida ba. Alƙaliyar ta ce ai don babu ita a takardar ne ake tambaya. Ta juya ga Gwinyai ta ce ko gaskiya ne akwai mai saye. Ya dubi lauyansa, lauyan ya dubi takardunsa.

Sai ga Gwaggo Esnath ta miƙe, ba wanda ya kira ta. Ta ce a ɗakinta aka yi, a kan tabarmarta, kuma in kotu na son sunayen dattawan da suka amsa tafin, tana da su duka bakwai, biyu ne kawai suka rasu. Ɗan sandan kotu ya ce ta zauna. Alƙaliyar ta ce ta adana sunayen, ranarsu na zuwa.

Tongesai ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Alƙaliyar ta ce mutum yana da ikon ya bar rabonsa, ko da rabon ya fi na ɗayan yawa, kuma ba don takarda ta karkata gefe ɗaya ba ne kawai kotu za ta ƙi ta. Amma wannan an sa mata hannu ne a kan alkawarin da ba ya ciki, da shawarar mutanen da ke da riba a ciki, kuma ba ta ce komai ba game da inda yarinya za ta sa kanta. Ba za ta mayar da ita umarnin kotu ba. Ta hana a sayar da gidan ko a jinginar da shi har a gama shari'a. Auren kuma yana nan tukuna.

Ta tambayi magatakarda rana mafi kusa. Ya buɗe littafinsa, ya bi da yatsa.

"Sha takwas ga Nuwamba."

Shuvai ta ji bencin baya ya yi ƙara. Ta ji muryar uwar Batsirai, ba da ƙarfi ba, amma kotun ta yi tsit yadda kowa ya ji.

"Ka ji da kunnenka. Tashi mu tafi."

Takun mutum ɗaya ya fita. Na biyun ya bi, a hankali, ya tsaya. Ƙofar tana buɗe, hayaniyar titi na shigowa. Shuvai ta riƙe katakon gabanta da hannu biyu, ta hana wuyanta juyawa, don ta san in ta ga fuskarsa za ta roƙe shi gaban Gwinyai, ita kuwa gara ta mutu.

Alƙaliyar ta ɗaga kai ta ce mutumin da ke bakin ƙofa ya shigo ko ya fita, a rufe musu ƙofa.

Aka rufe.

Magatakarda ya tambayi Shuvai inda za a riƙa kai mata sammaci, ko gidan gwaggonta zai rubuta. Ta share fuska da bayan hannu. Fushin da take ta haɗiyewa tun ranar da ta ɗauki biro ya taso mata gaba ɗaya, ya tsayar mata da murya.

"Rubuta Dangamvura," ta ce. "Tunda har yanzu matar gidan ce ni, yau zan koma ɗakina. In mai ma'aunin ya dawo, ni zai tarar."

Gwinyai ya miƙe yana faɗin abin da ba a faɗa a kotu, lauyansa na jan kwat ɗinsa. Ba ta ko dube shi ba. Sai da magatakarda ya gama rubutu ya ce za ta iya sauka, sannan ta juya ta dubi bencin ƙarshe.

Babu kowa a kai.